Babi Na Shida: Ranar Da Tsofaffin Kwatano Suka Koma Situdiyo

Ambaci Kwatano a Kantin Kwari ko a kasuwar Maraɗi, abin da zai faɗo wa mutane a rai bai wuce mota da shinkafa da atamfa da gwanjo ba. Gari ne na tashar jirgin ruwa, kuma ta hanyar fatauci Bahaushe ya san shi. Baƙon da ya sauka a Zango, ya yi salla a babban masallacin unguwar, ya hau bayan ɗan kabu-kabu mai rawayar riga zuwa kasuwar Dantokpa, ya gama cinikinsa ya kama hanyar Malanville da Gaya, da wuya wani ya tare shi da labarin cewa garin nan ya haifi ɗaya daga cikin ƙungiyoyin makaɗa mafi yawan faifai a Afirka ta Yamma. Sunanta Orchestre Poly-Rythmo de Cotonou, kuma masu tattara tarihinta sun ƙidaya mata waƙoƙi sama da 500.

A shekarar 2011 waɗanda suka rage da rai a cikinsu suka fitar da faifai mai suna Cotonou Club, bayan sun shafe fiye da shekara ashirin ba su yi sabon aiki irinsa ba. Faifan ya sha yabo. Amma a cikin yabon akwai wani ƙorafi da ya yi ta dawowa, wanda ya fi yabon koya mana abu: wai sautin ya cika tsabta. Kafin a gane yadda tsabta ta zama laifi, sai an koma baya kaɗan.

Iskar da ta kaɗo daga Amurka

Kiɗan soul ya taso ne daga waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka. Gininsa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: jagora ya ɗaga murya, 'yan amshi su karɓa, a yi ta juyawa har jiki ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa jin Mamman Shata da 'yan amshinsa ya san wannan tsari, ko da bai taɓa jin The Temptations ko The Four Tops ba. A ƙarshen shekarun 1960 faifan wannan kiɗa suka cika garuruwan gaɓar teku, daga Dakar har Duwala. Geraldo Pino ɗan Saliyo ya yi yawo da shi a Ghana da Najeriya da manyan lasifikoki. James Brown da kansa ya zo Legas a watan Disamba na 1970. Ranar 6 ga Maris 1971 kuma aka yi babban wasan Soul to Soul a Akara, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da The Staple Singers suka hau dandamali.

Kwatano tana tsakanin Akara da Legas, a kan titi ɗaya, don haka duk abin da ya wuce sai ya bar mata ƙura. Ƙasar a lokacin sunanta Dahomey, ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960, ta kuma yi ta fama da juyin mulki ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan rikici ne Mélomé Clément ya tara samari ya kafa ƙungiya a shekarun 1960, wadda ta sauya suna sau da dama kafin ta tsaya a kan Poly-Rythmo wajen 1968. Akwai Vincent Ahehehinnou da Lohento Eskill a bakin makirufo, Bernard Zoundegnon da ake kira Papillon a kan jita, Yehouessi Léopold a kan ganguna, Gustave Bentho a jitar ƙasa, Pierre Loko a saksafon.

Da kwaikwayo suka fara, kamar kowa. Vincent ya iya ihun James Brown har ka rantse shi ne. Abin da ya raba su da sauran masu kwaikwayo shi ne abin da suka shimfiɗa a ƙarƙashin ihun. Sun ɗauko kiɗa biyu daga addinin gargajiya na Vodun. Na farko sato, sunan wata doguwar ganga da ta kan fi mutum tsayi, wadda maza da yawa ke zagayawa suna tsalle suna dukanta da lanƙwasassun sanduna a bikin tunawa da matattu. Na biyu sakpata, kiɗan abin bautar da ƙabilar Fon ke danganta shi da ƙasa da cutar agana. Léopold ya rarraba aikin waɗancan mazaje a kan gangunan Turawa, hannu biyu da ƙafa biyu, aka bar ƙararrawar ƙarfe mai kama da kuge tana riƙe da lokaci. Jita da molon lantarki da ƙahonni suka hau kai. Waƙa kuma da harshen Fon, wani lokaci Mina ko Yarbanci ko Faransanci.

Akwai wani daidaito na tarihi da ya kamata a lura da shi. A 1973 ƙungiyar The O'Jays ta Amurka ta fitar da faifan Ship Ahoy a kamfanin Philadelphia International, wanda babbar waƙarsa ke ba da labarin jiragen da suka kwashi bayi daga Afirka. Ouidah, ɗaya daga cikin manyan tashoshin da aka yi wannan lodi, ba ta fi kilomita 40 daga Kwatano ba. A wannan shekarar ce Poly-Rythmo suka tafi Legas suka ɗauki babban faifansu na farko. Jikokin waɗanda aka kwashe suna waƙar teku suna duban gabas, jikokin waɗanda suka rage suna sauraronsu suna mayar da amsa da gangar sato.

Yadda ake faifai a wancan zamani

Babban mai gidansu shi ne Seidou Adissa, mai kamfanin Albarika Store. Shi ke da kuɗin da zai loda makaɗa fiye da goma a mota, a ƙetare iyaka zuwa Legas, a shiga situdiyo irin na EMI, inda ake da injiniya da na'urori na gaske. Faifan da aka yi a can suna da kyan sauti, suna kuma sayuwa. Adissa ba ya wasa da inganci. Faifan farko na 1973 sau biyu aka ɗauke shi, domin ɗaukar farko an ƙi ta saboda hayaniyar da ta shiga cikin sautin.

Amma makaɗi ba ya cin alkawari, kuma Kwatano cike take da ƙananan 'yan kasuwa masu son su ma su buga faifai. Waɗannan ba su da kuɗin Legas. Abin da suke iya samu shi ne rikoda mai zare ƙirar Nagra, da makirufo ɗaya ko biyu, da wani gida da za a ara. Sai a jira dare ya raba, hayaniyar gari ta lafa. Mai ɗaukar sauti ya dasa makirufo a tsakiya, sannan ya fara jera mutane: mawaƙi kusa, mai jita ya ja baya kaɗan, masu ƙaho su ƙara matsawa, mai ganga can nesa don kada ya danne kowa. Babu gyara daga baya. Idan mai saksafon ya kuskure a minti na huɗu, kowa ya koma farko. A buga 'yan ɗaruruwan ƙananan faifai, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, a raba a shaguna, shi ke nan.

Sautin da ya fito daga irin wannan aiki yana da kaushi. Jita tana tsagewa, molon lantarki yana gurnani, murya ta kan fi ƙarfin makirufo. Babu wanda ya zaɓi haka a cikinsu. Rashin kuɗi ne da rashin kayan aiki. A riƙe wannan, za a buƙace shi nan gaba.

Mulkin soja da shekarun shiru

Ranar 26 ga Oktoba 1972 Mathieu Kérékou ya ƙwace mulki. A 1974 ya ɗora ƙasar a kan aƙidar gurguzu, a 1975 ya sauya mata suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Dandalin Étoile Rouge mai jan tauraro yana nan a tsakiyar Kwatano yana tuna wa mutane wancan zamani. Poly-Rythmo suka zama tamkar makaɗan gwamnati, suna waƙoƙin juyin juya hali, rediyon ƙasa yana sa su safe da yamma. Abin mamaki, gwamnatin da ke yaƙi da bokaye da wuraren tsafi da sunan kawar da camfi, ita ce ke watsa kiɗan da aka ɗauko daga waɗancan wurare. Sun kuma raka manyan baƙi da 'yan gida, irin su Manu Dibango na Kamaru da Gnonnas Pedro, sun yi faifai da Tidiani Koné ɗan Mali. Sunansu ya ƙaru da haruffa biyu, T.P., wato masu cikakken iko, irin laƙabin da manyan ƙungiyoyin Kwango ke ɗauka.

Daga nan abubuwa suka fara zubewa. Vincent ya bar ƙungiyar a 1978. A 1982 Papillon da Léopold suka rasu, wato jita da ganga, ginshiƙai biyu na sautin. Tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, gidajen rawa suka yi ta rufewa. Najeriya, wadda ita ce kasuwa kuma ita ce situdiyo, ta kori baƙi a 1983, ta rufe iyakokinta a 1984. Mutanen Zango sun fi kowa sanin abin da rufe iyaka ke yi wa ciniki, kuma faifai ma haja ce. Kaset ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, domin duk mai rikoda biyu ya zama kamfani, mawaƙi kuma ko sisi. Wata yarinya da ta taso tana jin su, Angélique Kidjo, ta bar ƙasar zuwa Paris a 1983.

Ƙungiyar ba ta mutu ba, amma ta koma ta biki da taron gwamnati, da tsofaffin kayan kiɗa da ake ɗaurewa da waya. Eskill ya rasu a 2006 bai ga abin da ke tafe ba.

Masu tonon faifai

Taimakon ya zo daga inda ba a zata ba. A Turai an sami wasu mutane masu bin tsofaffin faifan Afirka gida-gida da shago-shago. Kamfanin Soundway na Birtaniya ya fitar da tarin waƙoƙin Poly-Rythmo a 2004. Sai Samy Ben Redjeb, haifaffen Tunisiya mazaunin Jamus, wanda ya yi aikin ma'aikacin jirgin sama don ya riƙa samun hanyar zuwa Afirka. Ya kafa Analog Africa, ya yi ta zirga-zirga a Benin yana sayen faifai, yana neman mawaƙan da kansu, yana hira da su yana ƙulla yarjejeniya. A 2008 ya fitar da African Scream Contest da The Vodoun Effect, a 2009 ya biyo da Echos Hypnotiques. The Vodoun Effect tarin waɗancan waƙoƙin dare ne na Nagra, na tsakanin 1972 da 1975. Su ne suka fi girgiza matasan Landan da Paris da Berlin.

A 2007 wata 'yar jaridar rediyo Bafaranshiya, Élodie Maillot, ta zo Benin ta yi hira da su. Tsofaffin suka gaya mata burinsu, wato su yi wasa a wajen Afirka ko sau ɗaya. Ta ɗauki abin a kanta har ta zama manajarsu. A 2009 suka hau dandamali a Paris da Landan, Vincent ya dawo cikinsu, a 2010 suka yi wasa a New York. Mutanen da suka kusa shekara saba'in suka sami kansu a gaban dubban matasa da suka haddace waƙoƙin da aka yi kafin a haife su.

Faifan kansa

Cotonou Club ya fito a 2011 a kamfanin Strut, Maillot ce ta jagoranci aikin, an kuma ɗauke shi a Paris da na'urori irin na da, don kada sautin ya bushe. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne, wasu tsofaffi da aka sake, wasu sababbi. Akwai baƙi huɗu. Angélique Kidjo ta shiga Gbeti Madjro, waƙar da ta fara ɗaga sunansu tun farkon tafiya. Fatoumata Diawara ta Mali ta yi waƙa ɗaya da su. Mutum biyu daga ƙungiyar Franz Ferdinand ta Sikotlan, Paul Thomson da Nick McCarthy, suka shiga waƙar ƙarshe, Lion Is Burning.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar faifan ita ce a saurari Gbeti Madjro ta da, a biyo ta da ta 2011. A ta da, komai a cure yake. Ganga da jita da murya suna tururuwa ta ƙofa ɗaya, ihun mawaƙi yana fasa lasifika, waƙar tana gudu kamar ana korar ta. A sabuwar, kowa ya sami wurin tsayawa. Kana jin jitar Bentho ita kaɗai tana taka ƙasa, kana jin ƙahonni a jere kowanne da muryarsa, kana iya bin ƙararrawar ƙarfe daga farko har ƙarshe. Kidjo ta shigo da murya mai kaifi, tsofaffin suka koma 'yan amshinta, ita da ta taso a ƙarƙashin inuwarsu. A karon farko mai sauraro na iya rarrabe yadda aka saƙa kiɗan, zare bayan zare.

Yadda aka karɓe shi

Jaridun Birtaniya da Faransa sun yaba. Sun ce tsufa bai rage musu ƙarfi ba, sun kwatanta labarinsu da na Buena Vista Social Club na Kuba da Orchestra Baobab na Senegal, tsofaffin da su ma aka farfaɗo da su bayan an manta. Faifan ya buɗe musu ƙofofin manyan bukukuwan kiɗa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan karo maganin ya ci.

Sai ƙorafin. Wasu masu sharhi, musamman waɗanda suka shigo ta ƙofar The Vodoun Effect, sun ce wani abu ya ɓace: babu kaushin nan, babu haukan nan, an yi wa daji shara. Wasu kuma sun ga baƙin a matsayin dabarar talla, musamman Turawan nan biyu.

Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Papillon da Léopold ba sa nan, kuma babu na'urar da za ta dawo da hannunsu. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da ke kiɗa da tsakar dare, yana sauri kada zaren rikoda ya ƙare, yana da wata wuta da dattijo a situdiyon Paris ba zai ƙirƙiro ba. Amma akwai ɓangaren ƙorafin da bai kamata a bari ya wuce ba. Abin da masu tonon faifai suka ƙaunata ƙanzo ne. Ƙanzo yana da daɗi, wasu ma sun fi son shi, amma babu matar da ta ɗora tukunya da niyyar ƙanzo, tuwo ta nufa, wuta ce ta yi yawa. Mutanen da suka yarda aka sake ɗaukar faifansu a 1973 saboda hayaniya ba su taɓa ɗaukar hayaniya a matsayin ado ba. Duk lokacin da aka sami kuɗi, Legas suke nufa. Wanda ya ce musu a 2011 su koma su yi sauti irin na makirufo ɗaya, ya sani ko bai sani ba, cewa yake su ci gaba da zama matalauta don kunnensa ya ji daɗi.

Daga bayan katangar Zango

Akwai kunne na uku da masu sharhin Turai ba su sa a lissafi ba, shi ne na maƙwabta. Gbégamey da Zango da Jonquet unguwanni ne na tsakiyar Kwatano da ke kusa da juna, inda masallaci da coci da mashaya da tashar mota ke raba titi ɗaya. Bahaushen da ya zauna nan a shekarun 1970 yana da nasa kiɗan. Akwatin rediyonsa yana neman Kaduna da Yamai da Sashen Hausa na BBC, kaset ɗinsa Shata ne da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. Amma rediyon ƙasa yana shagon maƙwabci, bikin aure yana bayan gida, mai tsire yana kafa tukubarsa inda jama'a ke taruwa da dare. Ba sai mutum ya sayi faifai kafin kiɗa ya shiga kansa ba.

Kuma Bahaushe yana da abin da zai auna wannan kiɗa da shi wanda Bature ba shi da shi. Mun san garaya da goge, mun san daga inda wasu kaɗe-kaɗensu suka fito, mun san yadda kiɗan bori ke fita daga wurin girka ya shiga dandali ya zama na nishaɗi, mun kuma san irin kallon da malamai ke yi masa. Bature ya ga kalmar Vodun a bangon faifai sai ta zame masa abin sha'awa, wani sirri na nesa. Ga mazaunin Zango ba sirri ba ne, addinin maƙwabcinsa ne, wanda gwamnati ta ware wa ranar 10 ga Janairu a shekarun 1990. Yana iya ƙin sa saboda imaninsa, yana iya girmama mai yin sa saboda zaman tare, amma ba zai ɗauke shi kayan ado ba. A nan, ko mai ƙyamar kiɗan ya fi wasu masoyansa ɗaukar sa da muhimmanci.

Sannan gida ba ya jiran tsofaffi. Lokacin da Cotonou Club ya fito, matasan Kwatano suna kan kiɗan Abijan da na Legas, matasan Zango kuma suna tura wa juna waƙoƙin finafinan Kano a waya. Faifan Turai da aka sa wa farashin Turai ba kayan Dantokpa ba ne. Abin da ya dawo gida da gaske shi ne labari: cewa tsofaffin nan da ake gani a biki, Paris da New York sun tashi tsaye dominsu.

Mélomé Clément ya rasu a watan Disamba na 2012, ƙasa da shekara biyu bayan faifan. Sauran suka ci gaba. A 2016 suka fitar da Madjafalao, kuma a wannan karo ba su je Paris ba, a Kwatano suka ɗauke shi, a tsohon situdiyon Satel.

Darasin da ya shafe mu ba na Benin kaɗai ba ne. Poly-Rythmo sun sami rayuwa ta biyu domin faifan roba yana jure ƙura da zafi, kuma wani ya zo ya nema tun wasu mawaƙan suna da rai da bakin da za su ce ga abin da muke nufi. Yawancin kiɗan Hausa na wancan zamani a kan zaren rikoda da kaset yake, a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, kuma zare ba ya da haƙurin faifai. Idan mun bari sai baƙo ya zo ya tono, to shi zai zaɓi abin da za a ji, da kunnensa, kamar yadda ya zaɓi waƙoƙin dare ya fifita su a kan na Legas. Hakan ya riga ya fara faruwa a Yamai, inda kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani na 1978 a shekarar 2013. Labarinsa ne babi na gaba.